Daidaita barcin jariri idan lokaci ya sauya

Daidaita barcin jariri idan lokaci ya sauya wata dabara ce ta renon yara, wadda iyaye ke bi su matsar da lokacin kwanciyar jariri da tashinsa da shan nononsa kaɗan-kaɗan, har ya dace da sabon tsarin da gidan ya shiga. An fi yin maganarta a Turai da Arewacin Amurka, inda hukuma ke tura agogo gaba da awa ɗaya a watan Maris, ta mayar da shi baya a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba. A Nijeriya da Nijar ba a taɓa agogo a kowane lokaci na shekara. Duk da haka lokacin gida yana sauyawa a ƙasar Hausa: da shigowar azumin Ramadan, da juyawar yanayi daga hunturu zuwa bazara zuwa damina, da tafiya ƙasar da agogonta ya sha bamban da namu. Jikin jariri yana bin haske da duhu da nono da motsin mutanen gida ne, don haka dabarar da ke aiki a Landan ita ce ke aiki a Rijiyar Zaki da ke Ƙaramar Hukumar Ungogo a Jihar Kano, sai dai abin da ake daidaitawa da shi ya bambanta.

Sauyin agogo da ƙasashen da ke yin sa

Jamus da daular Ostiriya da Hangari ne suka fara tura agogon ƙasa baki ɗaya gaba, ranar 30 ga Afrilun 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, don a rage kwal ɗin da ake ƙonawa wajen haskaka gidaje da dare. Birtaniya ta bi bayansu a watan Mayun wannan shekara. Kafin nan wani magini ɗan Ingila, William Willett, ya yi ta fafutukar a yi haka tun 1907, ya kuma rasu a 1915 bai ga an yi ba.

A yau Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai suna tura agogo gaba a Lahadin ƙarshe ta Maris, su mayar da shi a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Akasarin jihohin Amurka, tun 2007, suna turawa a Lahadi ta biyu ta Maris, su mayar a Lahadin farko ta Nuwamba. A Afirka, Masar ta dawo da tsarin a 2023, tana farawa a Juma'ar ƙarshe ta Afrilu. Maroko kuwa a 2018 ta zaɓi zama a gaba da lokacin GMT da awa ɗaya duk shekara, sai a watan azumi ta riƙa mayar da agogo baya, tana sake tura shi bayan sallah. Saudiyya ba ta sauya agogo, kullum tana gaban Nijeriya da awa biyu.

Nijeriya ta tsaya a kan lokacin da take kai yanzu, wato awa ɗaya gaba da GMT, tun 1 ga Satumban 1919. Dalilin da ya sa sauyin agogo ba shi da amfani a nan shi ne kusancinmu da tsakiyar duniya. Kano tana kan digiri 12 ne a arewa. Yini mafi tsawo a cikinta, a watan Yuni, bai kai awa 13 ba, mafi gajarta kuma, a Disamba, ya haura awa 11. A Landan yinin Yuni ya wuce awa 16, na Disamba kuma bai cika awa 8 ba.

Kalmomin da ke rikitar da mai karatu

Yawancin abin da aka rubuta kan wannan batu da Turanci aka rubuta shi, kuma masu fassara sukan kira lokacin tura agogo gaba da «bazara». Watannin sun zo ɗaya, yanayin ne ya saɓa. Maris da Afrilu a Turai lokaci ne da sanyi ke janyewa, dare kuma yana da sauran sanyi. Bazarar Kano kuwa ita ce ganiyar zafi, inda a Afrilu ma'aunin zafi ke kai digiri 38 zuwa 40 da rana. Shawarar da ta ce a sa wa jariri rigar barci mai kauri, a rufe taga, a saki labule mai nauyi, an yi ta ne domin ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 16 zuwa 20 ba, wanda shi ne abin da ake ba iyaye shawara a Birtaniya. Wanda ya yi aiki da ita yadda take a ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu ya jefa yaronsa cikin haɗari.

Akwai kuma bambanci a yadda ake faɗin lokaci. Hausa tana da jerin sunaye da ke bin rana da salla: asuba, sassafe, hantsi, walaha, tsakar rana, azahar, la'asar, la'asar sakaliya, magariba ko almuru, sai isha'i ko lisha. Kalmomin ƙidayar agogo yawanci aro ne. «Agogo» daga Yarabanci ta zo, inda take nufin ƙararrawa, «awa» da «minti» daga Turanci, «sa'a» daga Larabci. Uwar da aka tambaya yaushe ɗanta ke kwanciya za ta fi cewa «bayan isha'i» a kan ta ce ƙarfe takwas. Wannan ya fi kusa da yadda jikin jariri ke lissafi, domin isha'i tana tafiya da rana, ƙarfe takwas kuwa tana nan inda take.

Agogon jikin jariri

A ƙwaƙwalwar ɗan'adam, daidai saman inda jijiyoyin ido biyu suka gitta juna, akwai wani ɗan gungun ƙwayoyin halitta da ke tsara lokutan barci da farkawa da zafin jiki a cikin awa 24. Shi ake kira agogon jiki. Yana samun labarin haske daga ido, ya kuma ba da umarnin sakin wani sinadari mai suna melatonin idan duhu ya yi, wanda ke shirya jiki ga barci. Masana uku 'yan Amurka, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, sun sami lambar yabo ta Nobel a 2017 saboda gano yadda ƙwayoyin gado ke tafiyar da wannan agogo.

Ba a haihuwar jariri da agogon a kammale. Yana ciki yana samun melatonin daga jinin uwarsa. Bayan haihuwa sai ya yi makonni yana barci guntu-guntu dare da rana, awa biyu ko uku ya tashi, cikinsa ne ke tashinsa. Sai ya kai wata biyu zuwa uku jikinsa ke fara sakin melatonin a kan tsari, barcin dare ya fara fin na rana tsawo. Nonon uwa ma yana taimakawa, domin na dare yana ɗauke da melatonin, na rana kuwa kusan babu. Saboda haka jinjirin da bai yi arba'in ba, ko bai cika wata biyu ba, babu wani jadawali da za a daidaita masa. Ana ba shi nono duk lokacin da ya nema, sau 8 zuwa 12 a kwana ɗaya, a bar shi ya ga hasken rana da rana, a rage haske da hayaniya da dare. Maganar matsar da lokaci ta shafi yaron da ya riga ya sami lokacin kwanciya sananne, galibi daga wata huɗu zuwa sama.

Abu biyu ke sa barci. Na farko shi ne wannan agogo, na biyu kuma gajiyar da ke taruwa tun daga farkawar ƙarshe. Idan an kwantar da yaro agogonsa bai ce dare ya yi ba, zai yi ta mutsu-mutsu ko da ya gaji. Idan kuma an wuce da shi lokacin ƙwarai, gajiyar kan koma rigima, ya yi ta kuka yana murza ido ya ƙi kwanciya. Hasken safiya yana jawo agogon jiki baya, yaro ya riƙa jin barci da wuri. Hasken dare yana tura shi gaba. A wajen manya an auna cewa zagayen agogon jiki ya ɗan haura awa 24, shi ya sa jinkirta barci ya fi sauƙi a kan gaggauta shi, shi ya sa kuma sauyin Maris ya fi na Oktoba wahala.

Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 sun nuna cewa jariri daga haihuwa zuwa wata 3 yana bukatar barcin awa 14 zuwa 17 a kwana ɗaya, daga wata 4 zuwa 11 awa 12 zuwa 16, ɗan shekara 1 zuwa 2 kuma awa 11 zuwa 14, duk har da barcin rana. Tazarar tana da faɗi, kuma da gangan aka bar ta haka. Yara biyu 'yan wata ɗaya na iya bambanta da awa uku dukansu lafiya lau.

Yadda ake matsar da lokaci

A ɗauki misalin iyalin Hausawa da ke zaune a Manchesta, ɗansu ɗan wata takwas yana kwanciya ƙarfe 7:00 na yamma. Daren Asabar wayewar Lahadi za a tura agogo gaba. Ƙarfe 7:00 ta sabon agogo ita ce ƙarfe 6:00 a jikin yaron, lokacin da bai fara jin barci ba. Hanyar da aka fi bi ita ce a fara kwana huɗu kafin ranar, ana rage minti 15 kullum: Laraba 6:45, Alhamis 6:30, Juma'a 6:15, Asabar 6:00. Ranar Lahadi aka kwantar da shi ƙarfe 7:00 ta sabon agogo, jikinsa bai ga wani canji ba. Yaron da ƙaramin sauyi ke tayar masa da hankali sai a yi masa minti 10 a kwana shida.

Inda mutane da yawa ke kuskure shi ne su matsar da kwanciyar dare kaɗai. Dole tashin safe ya matsa da minti 15 ɗin nan, haka barcin rana, haka lokacin kunu ko fate ga wanda ya fara cin abinci. A gaskiya ma tashin safe ya fi muhimmanci, don shi uwa ke da iko a kansa. Ana iya tashin yaro a fitar da shi haske, amma ba a iya tilasta masa barci. In ya tashi da wuri, barcin dare zai zo da wuri da kansa.

Akwai masu barin abin ba su yi komai ba, ranar Lahadi su bi sabon agogo kawai. Yawancin yara sukan daidaita cikin kwana uku zuwa mako guda, bayan 'yar rigima. Ga yaron da ke tashin iyayensa tun ƙarfe 5:00 na asuba ma sauyin Maris gaba ta kai shi, don 5:00 ta zama 6:00 ba tare da an wahala ba. Shirin kwana huɗu ya fi amfani ga uwar da za ta kai yaro gidan reno ta wuce aiki a ƙayyadadden lokaci ranar Litinin.

A shekarun nan sauyin agogon ya riƙa haɗuwa da azumi. A 2024 Amurka ta tura agogonta ranar 10 ga Maris, washegari aka tashi da azumi, Birtaniya kuma ta tura nata ranar 31 ga Maris ana cikin watan. A 2025 sauyin Birtaniya ya faɗo ranar 30 ga Maris, ranar da aka yi ƙaramar sallah a Nijeriya da Saudiyya. Lokacin salla ba ya motsawa da agogon hukuma, lambar da ke jikin kalanda ce ke canjawa, sai dai lokacin aiki da makaranta suna motsawa, shi ya sa gidajen Musulmi a can ke jin abin sau biyu.

Azumi: babban sauyin lokaci a ƙasar Hausa

A Rijiyar Zaki da ƙauyukan da ke kewaye da Kano, watan Ramadan ne ke yi wa jariri abin da sauyin agogo ke yi wa takwaransa na Turai, har ma fiye. Sauyin agogo yana ɗauke yini ɗungurungum ya matsar da shi awa ɗaya. Azumi kuwa yana matse dare ta fuska biyu. Ana daɗewa ba a kwanta ba saboda shan ruwa da sallar asham da baƙi da hira, daga goma ga wata kuma 'yan tashe su shiga gida-gida da kiɗa. Sannan matan gida su tashi tun wajen ƙarfe uku da rabi ko huɗu don ɗumamen sahur, a kunna fitila, a hura wuta, kwanuka su yi ta ƙara, masu tashin mutane su ratsa layi, lasifikar masallaci ta kama. A goman ƙarshe tahajjud ya ƙaru. Bayan sallar asuba gida ya koma barci, daidai lokacin da hasken gari ke gaya wa jariri ya tashi.

Watan yana matsowa baya da kwana 10 zuwa 12 kowace shekara. A Nijeriya an fara azumi ranar 23 ga Maris a 2023, 11 ga Maris a 2024, da 1 ga Maris a 2025. Ba a sanin ranar farawa tabbas sai Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar, ya sanar da ganin wata, amma shakkar ba ta wuce ta kwana ɗaya, don haka mai son shiri zai iya farawa a makon ƙarshe na Sha'aban.

Zaɓi biyu ke gaban uwa. Ko dai ta tsare wa yaron tsarinsa na da, ko ta jawo shi ya bi na gidan. Tsarewa tana nufin a kwantar da shi lokacin da ya saba, a ɗakin da ya fi nisa da madafi da tsakar gida in akwai, a ba shi nono kafin a fita aikin sahur don kada yunwa ta tashe shi uwa tana waje. In ya farka, a ɗauki tashin a matsayin tashin dare: nono, jijjiga, a mayar, ba wasa, ba kunna ƙwan lantarki. Tocila da aka juya bango ta isa. Abin da ke ɓata tsarin shi ne a goya shi a fita da shi gaban murhu da fitila, yayye su karɓe shi suna masa wasa ana cin abinci. Kwana huɗu ko biyar aka yi haka, jikinsa ya ɗauki ƙarfe huɗu a matsayin safiya.

Jawo shi ya bi tsarin gida ya fi dacewa da gidan da ɗaki ɗaya ne, ko gidan yawa inda shiru da wuri ba zai samu ba, kuma wannan shi ne halin da akasarin mutane ke ciki. A nan sai a riƙa jinkirta kwanciyarsa da minti 15 kullum ko bayan kwana biyu, har ta kai bayan asham, a kuma bar ɗakin da duhu da safe don ya rama. Sharaɗin shi ne jimlar barcinsa kada ta ragu. Yaron da ya kwanta ƙarfe goma kuma aka tashe shi ƙarfe shida don za a share ɗaki an cuce shi awa biyu, sai an mayar masa da su a barcin rana. Goyo yana da amfani a nan, tunda yaron da ya saba barci a baya ba ya bukatar gado ko shiru kafin ya rama, muddin fuskarsa a buɗe take, zani bai rufe masa hanci ba.

An fi mantawa da bayan sallah. Kwana 29 ko 30 sun ishi agogon jiki ya zauna a sabon wuri, shi ya sa ake samun yaran da ke ci gaba da farkawa lokacin sahur har tsakiyar Shawwal. Maganinsa shi ne a juya dabarar: a dawo da tashin safe baya kaɗan-kaɗan, a fitar da yaro tsakar gida ya sha hasken hantsi, tashin ƙarfe huɗu kuma a bar shi cikin duhu ba tare da wasa ba har ya daina.

Barcin jariri a azumi yana haɗe da halin da uwarsa ke ciki. Mai shayarwar da ta ga nononta ya ragu, yaro yana tashi akai-akai da yunwa, ko fitsarinsa ya ragu, matsalarta ta wuce jadawali. A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a ƙasar Hausa, an yi rangwame ga mai shayarwar da ke jin tsoro ga ɗanta ta sha azumi, ta rama daga baya tare da ciyarwa, kamar yadda ya zo a littafin Risala na Ibn Abi Zaid. Tafsilin wannan na malamai ne.

Juyawar yanayi da tafiye-tafiye

Rana ma tana sauya lokacinta a Kano, a hankali. A farkon Yuni tana fitowa wajen ƙarfe 6:00, a ƙarshen Janairu sai wajen 6:50. Faɗuwarta tana kaiwa kusan 6:55 a Yuli, ta dawo wajen 6:00 a Nuwamba. Kusan awa guda ke nan, amma da yake a cikin watanni take tafiya, jikin yaro yana bi ba tare da kowa ya lura ba. Abin da ke zuwa farat ɗaya shi ne sauyin al'adar gida. Da saukar ruwan shuka, gidan manoma ya koma tashi da duku-duku. Da bazara a fito da tabarmi tsakar gida a daɗe ana shan iska saboda ɗaki ba ya shiguwa sai dare ya raba. Da hunturu, inda sanyin asuba ke sauka wajen digiri 13 a Janairu, kowa ya shige da wuri. Wutar lantarki ma tana da nata hannu. Ƙwan da aka manta a kunne, in aka kawo wuta ƙarfe biyu na dare, ya isa ya tashi jariri, kuma hasken waya a fuskarsa lokacin shayarwar dare haka yake.

Komawar mai jego ɗakinta bayan ta gama wankan gida a wajen iyayenta wani sauyin ne, kuma yakan zo daidai lokacin da agogon jikin jaririn ke fara kafuwa. Abin da ke taimakawa shi ne a riƙe jerin abubuwan da ake yi kafin kwanciya yadda suke, misali wanka, shafa mai, nono, jijjiga, a jere iri ɗaya a kowane gida.

Wanda ya tafi Umara da ƙaramin yaro ya shiga sauyin Maris ninki biyu, domin Jidda da Makka suna gaban Kano da awa biyu. Ƙiyasin da aka saba yi shi ne kwana ɗaya ga kowace awa ta bambanci, yara kuma kan ɗan fi haka. Idan tafiyar ta mako ɗaya ko biyu ce, ba laifi a bar yaron kusa da lokacin gida, ya kwanta ƙarfe goma na can maimakon takwas. Dawowa ta fi sauƙi. Tafiya Maraɗi ko Yamai ko Njamena ba ta da wannan matsala, agogo ɗaya ne. Gana kuwa tana bayanmu da awa ɗaya.

Abubuwan da ba a yi

Haɗarin da ke cikin wannan batu ya fi zuwa daga hanyoyin da gajiyayyun iyaye ke bi don yaro ya yi barci. Na farko shi ne magani. Ana samun masu ba jariri maganin mura ko na ƙaiƙayi irin su Piriton ko Phenergan don kawai suna sa barci. Phenergan an hana ba yaron da bai kai shekara biyu ba saboda yana iya danne numfashi. Maganin tari mai kodin ya fi muni, kuma Gwamnatin Tarayya ta haramta haɗa shi da shigo da shi a watan Mayun 2018. Ƙwayar melatonin da ake sayarwa ma ba ta jarirai ba ce sai da umarnin likita. Haka jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba.

Na biyu shi ne hana nono don a tsawaita barci. Jaririn da bai kai wata shida ba nono zalla ake ba shi, ko ruwa ba a haɗawa ko da a bazara, kuma tashin dare don sha yana daga abin da ke riƙe nonon uwa. Zuma ba a ba yaron da bai shekara ba.

Na uku shi ne wurin kwanciya. Ana kwantar da jariri rigingine, a kan shimfiɗa mai tauri, babu filo ko tarin zannuwa kusa da fuskarsa. Kwana da uwa a shimfiɗa ɗaya shi ne al'ada, sai a kula kada a sa shi tsakanin yayyensa, kada kuma mai shan taba ya kwana kusa da shi. Barci ya ɗauke uwa a kujerar kushin da jariri a ƙirji ya fi komai haɗari, kuma a azumi, da gajiyar bayan asuba, ya fi faruwa. Ko a ɗaki ko a tsakar gida, gidan sauro mai magani ba a barinsa. Da hunturu ba a shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa, janareto kuma ba a kunna shi kusa da taga, domin iskar da ke fita daga su biyun ba ta da wari, tana kuma kisa cikin barci.

Rigimar sauyin lokaci ba ta wuce mako ɗaya ko biyu, kuma yaro yana ci gaba da shan nono da wasa idan ya farka. Jaririn da barcinsa ya yi nauyi har ba a iya tashinsa ya sha, ko ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi, ko yana numfashi da sauri ƙirjinsa na lotsawa, ko ya yi jijjiga irin ta taune-taune, ko idonsa da tafin hannunsa suka yi rawaya, ba a jira a ga ko zai daidaita. Ana kai shi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a ranar, wanda kan tura masu tsanani zuwa Asibitin Yara na Hasiya Bayero, ko Asibitin Murtala Muhammad, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke cikin birni. Zazzaɓi a jikin jaririn da bai kai wata uku ba, ko da tsakar dare ya fara, ba ya jiran wayewar gari.